Satar Na'urorin Gem A Shaguna: Me Ya Sa PlayStation Ta Fi Waya Sauƙin Ɓatarwa?

Da wuya a ratsa unguwa a Kano, Kaduna, Zariya, Jos ko Maraɗi ba a ci karo da gidan gem ba. Shago ne ɗan madaidaici, da talabijin uku ko huɗu a jikin bango, da benci, da janareto a bakin ƙofa, ga matasa suna jiran layi su buga ƙwallo. A cikin kasuwa kuma akwai masu sayar da na'urorin, da masu gyara, da masu loda wasanni. Da yawa daga cikin masu wannan sana'a matasa ne da suka haɗa jari da kuɗin adashi, ko rancen ɗan'uwa, ko kuɗin babur da suka sayar.

Matsalar ita ce duk wannan jari zai iya shiga jakar goyo guda biyu. Idan aka fasa shagon hatsi, ɓarawo yana buƙatar mota da 'yan dako. Idan aka fasa gidan gem, mutum ɗaya a ƙafa ya isa. Kuma akwai wani dalili na fasaha da ya sa kayan gem suka fi waya daɗin sata: na'urar gem ba ta da makullin da ke hana wani amfani da ita bayan ta bar hannun mai ita. Wanda ya gane wannan zai gane inda ya kamata ya sa ƙarfinsa wajen kare shagonsa.

Abin da ɓarawo ke gani a shagon gem

Abubuwa uku ne ke sa kaya su zama abin hari: su yi tsada, su yi sauƙin ɗauka, kuma a samu mai saye da wuri. Na'urar gem ta haɗa duka ukun.

Ta fuskar tsada, kamfanin Sony ya fito da PS5 a watan Nuwamban 2020 a kan dala 499. Idan aka lissafa dala a kan naira 1,500, kuɗin ya kusa naira 750,000, tun kafin a sa kuɗin dako da kwastan da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Najeriya a 2024 naira 70,000 ne. Wato na'ura ɗaya ta haura albashin wata goma. Hannun PS5 kaɗai, wanda ake kira DualSense, ya fito a kan kusan dala 70.

Ta fuskar nauyi, PS4 Slim kilo 2.1 ce. Guda huɗu a haɗe ba su kai nauyin jarkar ruwa mai lita 10 ba. PS5 ta farko mai cin faifai kilo 4.5 ce, siririyar da ta biyo baya kuma kilo 3.2. Hannun PS4 bai fi giram 210 ba, yana shiga aljihun riga ba tare da an lura ba.

Ta fuskar kasuwa kuwa, an sayar da PS4 sama da miliyan 117 a duniya tun fitowarta a 2013. Galibinsu baƙaƙe ne ko farare. Yawancin waɗanda ke yawo a kasuwannin Najeriya na hannu ne, an shigo da su ba kwali ba rasit. A irin wannan kasuwa, na'urar sata ba ta da wata alama da za ta bambanta ta da ta halal.

Inda waya ta bambanta da na'urar gem

Kamfanonin waya sun daɗe suna yaƙi da sata ta hanyar manhaja. A 2013 Apple ya saka Activation Lock a cikin iOS 7. Ko an goge iPhone gaba ɗaya, ba za ta buɗe ba sai da asusun mai ita. A 2015 Google ya kawo irin wannan tsari a Android 5.1, wanda masu gyaran waya suka fi sani da FRP. Haka kuma kowace waya tana da lambar IMEI mai alƙaluma 15, wadda take bayyana ga kamfanin sadarwa duk lokacin da aka sa mata layi. Wannan bai kawo ƙarshen ƙwacen waya ba, amma ya sa wayar sata tana da wahalar sayarwa, wani lokaci ma sai dai a farke ta a sayar da sassanta.

Na'urar gem ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba ta da layi, don haka babu kamfanin sadarwa da ke ganin ta. Ba ta da GPS. Babu wani maɓalli a shafin Sony da mai na'ura zai latsa ya kulle ta daga nesa. Lambar sirri mai alƙaluma huɗu da ake sa wa PS4 ko PS5 tana kare asusun mai amfani ne kawai, ba ta hana a goge na'urar ta koma kamar sabuwa. Da zarar an goge ta, sunan mai ita ya tafi.

Abin da kamfani yake iya yi shi ne ya hana wata na'ura shiga dandalinsa na intanet, wato PlayStation Network, kuma yakan yi hakan ne a kan karya dokokin dandalin. To amma a gidajen gem na gida, wannan ba wani abin tsoro ba ne, domin da yawan na'urorin ba sa hawa intanet ko kaɗan. PS4 da aka yi wa kutse, abin da masu sana'ar ke kira jelbirek, tana zaune ne a kan tsohuwar manhaja, kamar 9.00 da aka samu hanyar buɗewa a ƙarshen 2021, ko 11.00 da aka samu a 2024. Dandalin Sony yana buƙatar sabuwar manhaja kafin a shiga, shi ya sa mai irin wannan na'ura yake nesanta ta da dandalin. Sakamakon haka, na'urar da ta fi farin jini a gidan gem ita ce kuma wadda ba ta taɓa barin sawu a ko'ina.

A taƙaice, idan aka saci waya, manhaja tana taya mai ita faɗa. Idan aka saci na'urar gem, mai ita ba shi da komai sai abin da ya tanada da hannunsa tun kafin ranar.

Matsalar ba ta tsaya a nan ba

Ko a ƙasashen da ke da ƙararrawar tsaro da inshora, kayan gem suna shan hari. A watan Nuwamban 2020, lokacin da PS5 ta yi ƙaranci, wasu masu saye a Birtaniya da suka yi oda ta Amazon sun buɗe kwali suka tarar da abincin kyanwa da kayan kicin maimakon na'urar. A watan Fabrairun 2022, a garin Forest Lake na jihar Minnesota a Amurka, ɓarawo ya shiga wani shago da babu kowa a cikinsa, ya huda bango ya faɗa ma'ajiyar shagon Punch-Out Gaming da ke maƙwabtaka, ya kwashe kayan Pokémon da aka ƙiyasta kuɗinsu kusan dala 250,000. A watan Yunin 2025, kwanaki kaɗan bayan fitowar Nintendo Switch 2, aka gano a jihar Colorado cewa an kwashe guda 2,810 daga wata tirela da ke kan hanyar kai su Texas, kayan da suka haura dala miliyan 1.4.

Darasin da ke cikin labarin Minnesota ya shafi kowane mai shago. Ɓarawon bai taɓa ƙofar da aka ƙarfafa ba, ya bi ta inda ba a yi tunani ba. A jerin shagunan haya da aka saba gani a unguwanni, wurin da ba a yi tunani ba yawanci shi ne sama: kwano da silin. Bangon da ke raba shago da shago sau da yawa bai kai har rufi ba, don haka wanda ya shiga silin ɗin shago ɗaya zai iya sauka a na kusa. Mai shago zai kashe kuɗi a ƙofar ƙarfe da kwaɗo uku, alhali silin ɗinsa na kwali ne.

Satar da ba a fasa ƙofa

Fashin dare shi ne ya fi yin ƙara, amma asarar da ke cinye gidan gem a hankali da rana take faruwa.

Ta farko ita ce musayar hannu. Mutum zai zo da hannun jabu ko wanda ya lalace a aljihu, ya zauna ya buga wasa biyu, ya tashi da na asali ya bar nasa. Da yake adadin hannuwa bai ragu ba, mai shago ba zai gane ba sai bayan kwanaki, lokacin da yara suka fara ƙorafin batir ba ya riƙe caji ko ɗan wasa yana gudu shi kaɗai. Hannun PS4 na jabu ya cika kasuwa, kuma daga nesa ba a bambanta shi da na gaske. Haka ake yi da wayar HDMI, da cajar hannu, da filashin da aka loda wa wasanni.

Ta biyu tana faruwa a wurin gyara. Yawancin masu gyara mutanen kirki ne da ke rayuwa a kan amana, amma akwai ɓata-gari. Had-disk ɗin PS4 irin na laftof ne mai inci 2.5, noti ɗaya ke riƙe da akwatinsa. Ana iya cire mai 1TB a mayar da tsohon 500GB. Ana iya musanya fanka ko akwatin wuta da wanda ya gaji. Abin takaicin shi ne bayanan da ke kan had-disk ɗin PS4 a kulle suke da wannan na'urar kaɗai, idan aka sa shi a wata sai ta nemi a goge shi. Wato wanda ya ɗauka bai samu wasannin ba, mai shi kuma ya rasa su. A samfurin PS4 na farko ma, ɗan allon da ke sarrafa injin faifai a haɗe yake da babban allon na'urar, idan aka musanya shi na'urar kan ƙi karɓar sabunta manhaja, kuma matsalar ba za ta bayyana ba sai bayan watanni.

Ta uku ita ce ta cikin gida. Kuɗin gidan gem ƙanana ne, ana karɓa a kan kowane wasa ko kowace awa, hannu da hannu, babu rubutu. Yaron shago da ya riƙe kuɗin wasa biyar a rana ba zai ji ya yi wata babbar sata ba, amma a wata wasa 150 ke nan. Sannan shi ne ya san inda makulli yake kwana, da ranar da maigadi ba ya zuwa. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Wannan ba dalili ba ne na zargin kowane yaro, dalili ne na kafa tsarin da zai wanke mai gaskiya idan wani abu ya faru.

Ta huɗu ita ce alat na bogi. Mai saye zai zo dab da magariba, lokacin da shago ya cika, ya ce ya yi tiransifa, ya nuna hoton rasit a wayarsa, wani lokaci har saƙon tes ya shigo wayar mai shago da sunan banki. Saƙon tes da hoton rasit duka ana iya ƙirƙirar su. Shaida ɗaya ce kawai: mai shago ya buɗe manhajar bankinsa ko na'urarsa ta POS ya ga kuɗin sun zauna a asusu. Kafin nan, kaya ba sa barin kanta.

Satar asusu da damfarar wasanni

Wani ɓangaren dukiyar mai gem ba a cikin shago yake ba, a cikin asusunsa yake. Wanda ya sayi EA Sports FC, wasan da ya maye gurbin FIFA tun 2023, ta hanyar intanet, wasan yana manne ne da asusunsa na PlayStation. Duk wanda ya mallaki imel da kalmar sirrin wannan asusu ya mallaki wasannin.

A nan akwai wata matsala ta musamman. Najeriya da Nijar ba sa cikin jerin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe asusun PlayStation. Shi ya sa ake buɗe na Amurka ko Birtaniya da adireshin da aka samo a intanet, ana sa masa kuɗi da katin kyauta. Sau da yawa ma mai loda wasanni ne yake buɗe wa mutum asusun, da imel ɗin da shi kaɗai ya san kalmar sirrinsa. Ranar da aka ƙwace asusun, mai shi ba ya iya tuna ranar haihuwa ko adireshin da aka rubuta, balle ya gamsar da kamfani cewa nasa ne.

Damfarar da ta fi yawa ita ce ta sayar da asusu mai wasa a kan farashi mai rahusa. Mai sayarwa zai ba da imel da kalmar sirri, wasa ya sauka, ya yi aiki mako biyu ko wata ɗaya. Daga nan sai ya canja kalmar sirri, ya cire na'urar daga asusun, ya sayar wa wani. Wasan zai fito da alamar kwaɗo a kansa. Babu inda za a kai ƙara, domin cinikin asusu tun farko ya saɓa wa dokokin dandalin. Araha ba ta ado.

Inda kayan suke ƙarewa, da abin da doka ta ce

Ɓarawo ba ya satar PS4 huɗu don ya buga ƙwallo a ɗakinsa. Yana sata ne domin ya san akwai mai karɓa. Kayan kan bi ta hannun dillali, ko a tallata su a Facebook da WhatsApp, ko a kai su wani gari inda babu wanda ya san su. Manyan kasuwannin kayan lantarki irin su Farm Centre a Kano, Banex a Abuja, da Computer Village da Alaba a Legas cike suke da 'yan kasuwa masu neman halal, kuma su ne suka fi shiga uku idan kayan sata suka ratso ta kantarsu ba su sani ba.

Dokar Penal Code da aka yi wa Arewacin Najeriya, wadda ta fara aiki a 1960, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai wa shekara 5 a kan sata a sashe na 287. Amma a sashe na 317, wanda ya karɓi kayan sata ko ya riƙe su, yana sane ko yana da dalilin da zai sa ya yi zaton na sata ne, ɗaurinsa zai iya kai wa shekara 14. Jihohi da dama sun sabunta dokokinsu, wasu kuma suna da dokokin shari'ar Musulunci tun daga shekarar 2000, don haka lambar sashe da tsawon hukunci kan bambanta. Sai dai manufar ba ta canja ba: mai karɓa ba ya tsira da cewa ba shi ya fasa shagon ba.

Kalmar da ya kamata a lura da ita ita ce dalilin zato. Yaro ɗan shekara 15 ya kawo PS5 da ƙarfe tara na dare, babu waya babu kwali, yana neman rabin kuɗinta. Wannan kaɗai dalili ne. Haka ma jinginar waya a gidan gem. Wanda kuɗinsa ya ƙare yakan ajiye waya ya ci gaba da wasa, musamman inda ake sa kuɗi a kan wasa. Idan wayar ta ƙwace ce, a durowar mai shago za a same ta. Gidan gem da ya hana caca da karɓar jingina ya rufe wa kansa ƙofar fitina biyu a lokaci guda.

Rajista: kariyar da ba ta cin ko sisi

Tunda na'urar ba ta iya faɗin sunan mai ita, dole mai ita ya tanadi shaida. Babbar shaida ita ce lambar siriyal. A PS4 tana kan sitika a bayan na'urar. A PS5 tana jikin na'urar kusa da inda ake ɗaura mata mazauni, kuma tana kan kwali. A Xbox ana ganin ta a jiki da kuma cikin Settings, a ƙarƙashin System, sannan Console info. A Nintendo Switch tana ƙasa kusa da ramin caji, kuma tana cikin saituna.

Sitika ana iya ɓare ta, don haka akwai lamba ta biyu da ta fi ta zama: adireshin MAC. Wannan lamba ce da ke manne da sashen intanet na na'urar, kuma gogewa ba ta canja ta. A PS4 ana samun ta a Settings, System, System Information. A PS5 tana cikin Network, a wurin duba yanayin haɗi. Ko ɓarawo ya kankare sitika ya goge komai, wannan lamba tana nan.

Abin da ake buƙata a rajistar shago bai da yawa:

1. Hoton kowace na'ura gaba da baya, da hoton sitikarta a kusa.
2. Lambar siriyal, da adireshin MAC, da girman had-disk, da lambar manhajar da take kai.
3. Ranar saye, da sunan shagon da aka saya, da hoton rasit ko takardar yarjejeniya.
4. Lambar da shago ya ba kowane hannu.

A ajiye wannan a Google Sheets ko a tura wa kai ta imel, kada ya tsaya a littafin da ke kwana a shago ko a wayar da za a iya ɗauka tare da kayan. Kafin a kai na'ura gyara, a duba rajistar a gaban mai gyara, a ɗauki hoton sitikar da ke rufe notunan baya, a sake dubawa ranar karɓa.

Sai kuma alama. Na'urar gidan gem ba ta ado ba ce, don haka babu asara idan aka zana sunan shago da lambar waya a jikinta da ƙarfe mai zafi ko fenti mai kauri, a waje da kuma cikin murfi. Haka kowane hannu. Kayan da aka yi wa babbar alama farashinsu yana faɗuwa a wurin mai karɓa, kuma musayar hannu takan mutu daga ranar, domin na jabun da aka shigo da shi ba shi da alamar.

Don lissafin kuɗi, tikiti mai lamba ya wadatar: ba a kunna wasa sai da tikiti, da dare a ƙirga. PS5 tana nuna adadin awannin da aka yi a kowane wasa a shafin mai amfani, ana iya gwada shi da cinikin mako.

Ƙarfe, kyamara da na'urar bibiya

Mai walda zai iya haɗa kejin ƙarfe da za a ɗaure a bango, na'ura tana ciki, wayoyi kawai ke fitowa. A bar sarari ta baya da gefe, domin PS4 da PS5 suna fitar da zafi sosai, kejin da ya toshe iska zai kashe na'urar kafin ɓarawo ya zo. A sa ragar ƙarfe a ƙarƙashin kwano. Wanda gidansa ke kusa kuma, kwashe na'urorin zuwa gida kowane dare ya fi komai sauƙi, sai dai ya riƙa canja lokaci da hanya, kuma kada ya tafi shi kaɗai.

Kyamarar tsaro tana da rauni biyu. Na farko wuta: idan aka kashe janareto da dare, kyamara ta mutu a daidai lokacin da ake buƙatar ta. Na biyu akwatin naɗar hoto, wato DVR, wanda ɓarawo kan haɗa da shi ya tafi. Maganin shi ne kyamara mai batir ko ƙaramin sola, mai layin waya, wadda ke tura hoto zuwa wayar mai shago da zarar ta ga motsi. A kafa ɗaya daidai tsayin fuska a bakin ƙofa. Kyamarar da ke can saman silin hula kawai take ɗauka.

Game da AirTag, wanda Apple ya fitar a 2021, a san iyakarsa. Ba shi da GPS, yana dogara ne da wayoyin iPhone da ke wucewa kusa su ba da rahoton inda yake. A unguwar da Tecno da Infinix da Itel suka fi yawa, zai iya yin shiru na tsawon lokaci. Akwai masu aiki da tsarin Google na wayoyin Android, wanda aka faɗaɗa a 2024. Dukansu an tsara su su sanar da mutum idan baƙuwar na'urar bibiya tana tafiya tare da shi, wato ɓarawon ma zai iya samun gargaɗi. Taimako ne, amma ba ya maye gurbin keji da rajista.

Idan an riga an yi satar

Awannin farko su ne masu muhimmanci, kafin kaya su bar gari. A ɗauki hoton wurin kafin a taɓa komai. A kai rahoto ofishin 'yan sanda da rajistar a hannu, a tabbatar an rubuta lambobin siriyal a cikin rahoton. A tura lambobin da hotuna ga shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa, da masu gyara, da zaurukan WhatsApp na masu sana'ar, har na garuruwan kusa.

Idan akwai asusu a kan na'urar, a shiga shafin PlayStation ta waya, a canja kalmar sirri, a fitar da asusun daga dukkan na'urori, a cire katin banki idan an sa. Akwai kuma zaɓin cire rajistar dukkan na'urori daga asusun, amma sau ɗaya ake iya yin sa a cikin wata shida, don haka kada a ɓata shi a banza. Tun kafin wannan rana, ya kamata a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a kuma rubuta lambobin ko-ta-kwana a takarda a ajiye a gida.

Idan aka ga na'urar a wani shago ko a talla a intanet, kada a tara matasa a je ƙwato ta. Wanda take hannunsa wataƙila shi ne mutum na uku da ya saya. A koma wurin 'yan sanda da lambar. Haka kuma kada a kama yaro a daka saboda an gan shi yana yawan zuwa shagon. Duka a kan zato ya sha jawo asarar rai, kuma mai shagon da aka yi wa sata sai ya koma wanda ake tuhuma.

Nauyin da ke kan mai saye

Wanda zai sayi na'ura ta hannu yana da rawar da ta fi ta maigadi. Ya duba sitikar siriyal, idan an kankare ta ko an ɓare, ya haƙura. Idan akwai kwali, lambar kwali ta dace da ta jiki. Ya nemi a kunna, ya ga asusun da ke kai, ya ce mai sayarwa ya shiga da kansa ya cire shi. Idan na'urar ta hawa intanet ce, a gwada shiga dandalin kafin a biya, domin wadda aka dakatar ba za ta shiga ba. A rubuta takarda mai ɗauke da lambar siriyal da sa hannun shaidu, a ga katin shaidar mai sayarwa, a biya ta asusun banki mai sunansa. Mai kayan halal ba ya gudun waɗannan sharuɗɗa.

Ƙungiyoyin masu sana'ar za su iya ɗaukar mataki ɗaya da ba ya buƙatar izinin Sony ko na gwamnati: jeri guda na lambobin na'urorin da aka sace, wanda kowane mai saye da mai gyara a gari zai duba kafin ya karɓi kaya. Shafin Google Sheets ɗaya da mutum biyu masu kula da shi ya isa a fara. Amma jerin ba zai yi amfani ba sai masu shaguna sun san lambobin kayansu, kuma rubuta su aikin minti goma ne da za a iya yi yau da dare kafin a rufe shago.